Bartne: Ƙauyen Masu Sassaƙa Dutse Da Aka Kwashe Mutanensa A Tarago

Duk wanda ya fara ganin hotunan tsaunukan kudu maso gabashin Polan, wajen da suke kira Beskid Niski, abin da zai fara cewa shi ne kai, wannan daji Allah ya yi masa kyau, ga shiru ga kore ga ɗan rafi yana gudu, ba gida ba mota ba kowa. To wannan dajin fa da yawansa kufai ne. Gonakin mutane ne da gidajensu da makabartunsu itatuwa suka rufe cikin shekara saba'in da wani abu. Shi ya sa za ka kutsa tsakiyar kurmi ka tarar da bishiyar tuffa tana ta zubar da ƴaƴa ba mai ɗauka, ka ƙara gaba ka ga gicciyen dutse tsaye a bakin hanyar da yanzu ba ta kai ka ko'ina. Mutanen da suka dasa tuffar nan sunansu Lemko, kuma na zaɓi ƙauye guda ɗaya, Bartne, don ta cikinsa ne labarin ya fi fitowa fili.

Bari mu fara da inda yake. Bartne, su masu garin suna cewa Bortne, yana cikin gundumar Gorlice a lardin Małopolska, kamar kilomita 20 daga garin Gorlice, ba nisa da iyakar Slovakiya. Yana kwance ne cikin wani dogon kwari, gidaje a jere gefen rafi, sama da shi kuma ga tudun Magura Wątkowska wanda ƙololuwarsa take mita 846. Ruwan rafin garin yana gangarawa ya shiga Sękówka, daga nan Ropa, daga nan Wisłoka, ƙarshe ya faɗa babban kogin Wisła. Ka riƙe sunan wannan kogin, zai dawo mana a gaba ta wata mummunar hanya.

Kalmar Niski ma'anarta gajere, don a duk jerin tsaunukan Karpat nan ne suka fi yin ƙasa. Mafi tsawo a ɓangaren Polan shi ne Lackowa, mita 997, bai ma cika dubu ba, mashigar Dukla kuwa wajen mita 500 ce kacal. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tarihin yankin, domin inda katanga ta fi gajarta nan kowa ke tsallakawa. Fatake masu kawo giyar inabi daga Hangari ta nan suke bi, sojoji ma haka, a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk ta nan aka yi ta gwabzawa. Mutanen ƙauyukan ba su kira kowa ba, hanya ce kawai ta bi ta kansu.

Sunan garin daga zuma ya fito. A da can ana sarar kogo a jikin bishiya mai rai don ƙudan zuma su zauna, kamar dai amya amma a cikin itacen kanta, ana kiran wannan barć, mai sana'ar kuma bartnik. An kafa ƙauyen ne bisa wani tsari da ake kira dokar Wallach, wadda sarakuna da masu ƙasa suka yi amfani da ita tsakanin ƙarni na 14 zuwa na 17 don jawo makiyaya su zauna a tuddan da manoman kwari ba sa so. Yarjejeniyar mai sauƙi ce: ku zo ku sare daji ku zauna, za a ɗaga muku haraji na wasu shekaru, bayan nan ku riƙa biya da tumaki da cuku maimakon aikin gayya a gonar mai ƙasa. Kowane gida aka ba shi doguwar gona siririya da ta tashi daga bakin rafi ta hau har kan tudu, shi ya sa ƙauyukan Lemko ba a dunƙule suke ba, sun miƙe ne kamar igiya, wani ma ka yi ta tafiya kilomita da dama kana cikin gari ɗaya.

Su waye makiyayan nan, daga ina suka fito? Nan ne rigima ta farko. Yawancin masana tarihin Polan suna cewa gaurayen makiyaya ne da suka biyo tsauni daga wajen Romaniya ta yau suka cakuɗu da ƴan Rus masu yaren Slav na gabas. Masanan Yukren suna cewa a'a, ragowar mutanen tsohuwar daular Kiyef ne da aka matsa su sama kan tudu. Su kuma Lemko da yawansu suna danganta kansu da wata tsohuwar ƙabila da ake kira Fararen Kurowat, wato suna nan tun kafin kowa. Idan ka lura kowace amsa tana da siyasa a cikinta, domin wanda ya riga zuwa shi ke cewa ƙasar tasa ce. Ko sunan Lemko ma ba su suka raɗa wa kansu ba. Su Rusnak ko Rusyn suke kiran kansu, maƙwabta ne suka yi musu laƙabi saboda yawan faɗin kalmar lem, wadda ke nufin kawai ko amma, laƙabin ya bi su har suka karɓe shi a farkon ƙarni na 20.

Ƙasar ba ta da albarka sosai, gaskiyar magana kenan. Laka ce mai nauyi da tsakuwa, hunturu ya yi tsawo, alkama ba ta yi yadda ake so, sai wani hatsi mai jure sanyi da ƴan Polan ke kira owies, da dankalin Turawa da kabeji. Da wannan hatsin suke yin wata miya mai tsami da suke kira kyselycia. Gidansu kuwa, chyża, dogon gini ne na gungumen katako, ɗakin kwana da barga da rumbun ciyawa duk ƙarƙashin rufi ɗaya, don idan dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa mutum ya iya ba shanunsa abinci ba sai ya fita waje ba. Noma kaɗai ba ya riƙe gida, dole kowane ƙauye ya nemi abin haɗawa. Wasu su sayo bijimai daga Hangari da bazara su yi kiwo su sayar da kaka, wasu su tafi ci-rani girbin alkama a filayen Hangari. Mutanen Łosie suka shahara da yawo da keken doki suna sayar da man shafa wa ƙafar amalanke har ƙasashe masu nisa, na Nowica suna sassaƙa cokulan katako, na Bielanka suna dafa kwaltar itace.

Bartne kuma dutse ne rabonsu, kuma nan ne nake so in ɗan daɗe. Tudun Magura cike yake da dutsen yashi mai kyau, har akwai wani wuri a samansa da ake kira Kornuty inda manyan duwatsu suka tsaya cirko-cirko. Mazan garin su hau su fasa, su gangaro da shi, su sassaƙa dutsen niƙa da dutsen wasa lauje da wuƙa, su ɗora a amalanke su kai kasuwanni. Amma abin da ya fitar da sunansu shi ne gicciye, na kabari da na bakin hanya, da mutum-mutumin waliyyai. Al'ada ce a wajensu mutum idan Allah ya tsallakar da shi wata masifa, ko ya dawo daga tafiya lafiya, ya sa a kafa gicciyen dutse a bakin gonarsa da sunansa da shekarar a jiki. Kuɗin yin hakan sau da yawa daga Amurka ya zo, domin daga wajen shekarun 1870 zuwa 1880 samarin Lemko suka fara kwarara ramukan haƙar kwal na Pennsylvania. Saurayi ya yi shekara biyar a ƙarƙashin ƙasa, ya dawo da dala, ya sayi fili, ya ba masassaƙan Bartne aiki. Yau idan ka je ƙauyukan da ba ko gida ɗaya da ya rage, kamar Nieznajowa da Radocyna da Lipna, gidajen katako sun ruɓe ko an kwashe, abin da ya rage tsaye da yawansa aikin hannun mutanen Bartne ne. A cikin garin kansa har yanzu akwai wani tsohon rumbu da aka gina da zallar dutse, abin da ba kasafai ake gani ba a yankin da komai katako ne.

Yanzu kuma tambayar da kowane baƙo ke yi: ƙaramin gari haka me ya kawo coci biyu, kuma duka biyun da sunan waliyyai ɗaya, Kosma da Damiyan?

Amsar tana da tsawo. Lemko Kiristoci ne masu ibada irin ta gabas. Bayan yarjejeniyar haɗewa da cocin Roma da aka ƙulla a garin Brest a 1596, da shigar yankin Przemyśl cikinta a ƙarshen ƙarni na 17, sai suka zama abin da ake kira Katolikan Girka, wato ibada da yare da auren limamai duk irin na Otodoks, amma shugabanci na Fafaroma. Tsohon cocin Bartne na 1842 nasu ne, na katako, rufinsa da bangonsa an lulluɓe da ƙananan fallayen itace, da hasumiya mai kai kamar albasa. Daga 1772 yankin yana hannun Ostiriya, a lardin da ake kira Galisiya. To a ƙarshen ƙarni na 19 sai aka fara tambayar talakawan tsauni abin da ba su saba tambayar kansu ba: ku wace al'umma ce? Masu kishin Yukren suka ce ku namu ne. Masu kallon Mosko suka ce ku reshen babbar Rasha ne. Wasu suka ce mu Rusyn ne kawai kamar kakanninmu. A yammacin ƙasar Lemko inda Bartne yake, ra'ayin Yukren bai samu shiga ba sosai.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 wannan muhawarar ta koma jini. Ostiriya ta ɗauki duk mai son Rasha a matsayin ɗan leƙen asiri, aka bi ƙauyuka ana kama limamai da malaman makaranta da dagatai da manoman da laifinsu kawai suna karanta wata jarida, aka kai su sansanin Talerhof kusa da birnin Graz na Ostiriya, inda sanyi da zazzaɓin taifus suka kashe mutane da yawa. Filin jirgin saman Graz ne a wajen yanzu. Wani matashin limami ɗan Zdynia, Maksym Sandowicz, an harbe shi a Gorlice ranar 6 ga Satumba 1914 ba tare da shari'a ba, cocin Otodoks na Polan ya ayyana shi waliyyi a 1994. A Bartne akwai dutsen tunawa da waɗanda Talerhof ta ci. Sannan fagen daga kansa ya zo ya zauna musu a ƙofar gida duk tsawon hunturu, har ranar 2 ga Mayu 1915 da sojojin Jamus da Ostiriya suka fasa layin Rasha a Gorlice. Bayan nan Ostiriya ta gina makabartun soja wajen 400 a yammacin Galisiya, kowacce da lambarta, ta Bartne ita ce ta 64.

Da daular Ostiriya ta ruguje, Lemko sun gwada tsayawa da ƙafarsu. Ranar 5 ga Disamba 1918 aka yi babban taro a Florynka aka kafa abin da ake kira jamhuriyar Lemko, ba su son Polan, da farko Rasha suke so, da hakan ya gagara suka nemi shiga Cekoslovakiya tare da ƴan'uwansu na ƙetaren tsauni. A can gabas kuma, a Komańcza, wasu suka kafa tasu mai goyon bayan Yukren. Ka ga rabuwar tun daga nan. Polan ta murƙushe duka biyun, ta Komańcza a farkon 1919, ta Florynka a 1920.

To sai batun coci. Limaman da ake turo musu daga Przemyśl a shekarun 1920 yawancinsu matasa ne masu kishin Yukren, jama'a kuma suna tuna Talerhof suna zargin ɓangaren Yukren da hannu wajen tona mutane. Har rigima ta kai kan kalma ɗaya a cikin addu'a, wasu limamai suka daina furta kalmar da ke nufin Otodoks suka maye ta da wata. A Nuwamba 1926 mutanen Tylawa suka fice gaba ɗaya suka koma Otodoks, abin ya bazu kamar wutar daji, ga kuma waɗanda suka dawo daga Amurka da dama can ma sun riga sun koma. Bartne suka bi sahu a 1928. Amma doka ta ce ginin coci na Katolikan Girka ne ko da ba mai shiga, don haka mutane suka haɗa kuɗi da katako da ƙarfinsu suka gina sabo tsakanin 1928 da 1929, suka ba shi sunan waliyyan da suka saba da su. Asalin coci biyun kenan. Tsohon yau gidan tarihi ne ƙarƙashin gidan tarihin Gorlice, sabon kuma shi ake ibada a ciki.

Duk wannan da na faɗa mutane suna nan a gidajensu, ana rigima amma ana noma. Abin da ya zo tsakanin 1944 da 1947 ne ya karya komai.

A Satumba 1944 gwamnatin kwaminis ta Polan da Yukren ta Sobiyet suka sa hannu kan musayar jama'a, ƴan Polan su dawo yamma, ƴan Yukren su tafi gabas, aka lissafa Lemko cikin ƴan Yukren ba tare da an tambaye su ba. Da farko wai ganin dama ne, ana yi wa mutane romon baka da baƙar ƙasa mai albarka, wasu talakawa suka tafi da kansu. Da labari ya dawo cewa gonakin gwamnati ne da yunwa ke jiran mutum a can, sai mutane suka ƙi, sai aka kawo soja. Zuwa 1946 kusan kashi biyu cikin uku na Lemko an kai su Tarayyar Sobiyet.

Sauran kuma aka gama da su a 1947. Ranar 28 ga Maris na shekarar ƴan sari-ka-noƙen UPA na Yukren suka kashe Janar Karol Świerczewski na sojan Polan kusa da Baligród, gwamnati ta riƙe wannan hujja, ranar 28 ga Afrilu ta fara aikin da ta raɗa wa sunan kogin nan, Akcja Wisła. Mutum wajen 140,000 aka kwashe, ciki har da Lemko sama da 30,000. Soja su zagaye gari da sassafe, a ba ka ƴan sa'o'i ka ɗaure kayanka, a kora ku zuwa tasha, a cusa ku a taragon kaya tare da dabbobinku, a yi kwanaki ana tafiya zuwa yankunan yamma da arewa da aka karɓe daga Jamus. Wanda aka yi zargi a kansa a sauke shi a hanya a kai sansanin Jaworzno, kusan mutum 3,900 aka tsare a can, sama da 160 suka mutu. Gundumar Gorlice a watan Yuni abin ya iso ta, gonaki shuke ba a girbe ba.

Ni a ganina hujjar yaƙi da UPA ba ta tsaya ba ko kaɗan idan aka zo kan ƙauyuka irin Bartne. Mutanen da suka bar cocin kakanninsu don kada a mai da su ƴan Yukren, su ne za a ce suna ciyar da mayaƙan Yukren? Kuma umarnin da aka bayar ya tona asirin niyyar, domin an ce a warwatsa su, kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na mutanen duk inda aka sauke su, gida biyu nan gida uku can. Wanda yake neman ƴan bindiga ba ya lissafin yadda yaren yara zai ɓace. Majalisar dattawan Polan ta yi tir da wannan aiki a 1990, shugaban ƙasar na lokacin, Kwaśniewski, ma ya nuna nadama a 2002, amma wata doka ta Yulin 1949 ta riga ta mai da filaye da dazuzzukan waɗanda aka kora mallakar gwamnati, kuma har yau iyalai na ta jeka-ka-dawo a kotu kan dazuzzukan kakanninsu.

Abin da ya bambanta Bartne da maƙwabtansa shi ne mutanensa sun dawo. Bayan 1956 da mulki ya ɗan sassauta, wasu iyalai suka baro gidajen bulo na Jamusawa a yankin Legnica da kewaye, inda ƙasa ta fi kyau nesa ba kusa ba, suka hau jirgi suka koma tudun tsakuwa. Ba kowa aka ba izini ba, wani ya iso ya tarar da baƙo a gidan da ubansa ya gina sai ya saya da kuɗinsa, wani ya tarar an haɗa gonarsa cikin gonar gwamnati. A duk ƙasar Lemko ƴan dubbai ne kawai suka iya dawowa, shi ya sa ƙauyen da Lemko suka fi yawa a cikinsa yau abu ne da ake nunawa da yatsa, kuma Bartne na cikinsu. Duk da haka mutanen garin yanzu ɗan kaso ne na yadda suke kafin yaƙi, sana'ar dutse kuma ba ta sake tashi yadda take ba, injin niƙa da siminti sun ƙarasa abin da kora ta fara. Kiwon shanu ne da saukar baƙi masu yawon tsauni, tunda gandun Magura da aka kafa a 1995 yana nan gefensu.

Rabuwar nan ta da ma ba ta mutu ba. A 1989 aka kafa ƙungiyar Stowarzyszenie Łemków a Legnica, masu cewa Lemko al'umma ce mai zaman kanta, a 1990 kuma aka kafa Zjednoczenie Łemków a Gorlice, masu ganin kansu reshen Yukren. Kowacce tana da bikinta na shekara da ake kira Watra, wato babbar wutar da ake hurawa a fili, ɗaya a Zdynia cikin tsauni a watan Yuli, ɗaya a Michałów can ƙasar da aka kai su. Dokar tsiraru ta 2005 ta amince da Lemko a matsayin ƙabila ta daban, ana koyar da yaren a wasu makarantu da haruffan Sirilik irin na Rasha da Yukren, akwai rediyon LEM.fm, kuma ƙauyuka irin Bielanka sun samu allon suna da yare biyu. A ƙidayar 2002 mutum wajen 5,900 ne suka rubuta kansu Lemko, a 2011 suka haura 10,000, galibinsu kuma ba a tsauni suke zaune ba, suna can yamma inda tarago ya sauke kakanninsu. A 2013 UNESCO ta sa cocinan katako na Kwiatoń da Owczary da Powroźnik da Brunary cikin kayan tarihin duniya, Owczary ma ƙaramar hukuma ɗaya suke da Bartne, wato Sękowa.

Idan ka fita daga Bartne ka bi ta Wołowiec ka nufi kudu, cikin ƴan sa'o'i a ƙafa za ka isa Nieznajowa, gaba kuma Radocyna da Lipna. A waɗannan kufan an kafa ƙofofin katako a tsakiyar fili, ƙofa kawai da madogararta, ba bango ba rufi, a jiki an manna taswirar garin yadda yake a da, da lambar kowane gida. Jikoki suna zuwa daga Legnica da Ternopil ta Yukren da Amurka, su tsaya gaban ƙofar su nemi lambar gidansu, sannan su shiga ciyawa suna ƙirga taku daga gicciyen dutse mafi kusa.